Ƙishirwar Injin Mama

Babana ya yi aikin reluwe a Kafanchan har kansa ya yi fari, yana gyaran kawunan jirgi masu shan gas, wato man dizal. Takardar injiniya bai taɓa riƙe ta ba, a wurin aiki fita ne, mai kwancewa da ɗaurawa. Amma tun da na yi wayo ban taɓa jin wani ya kira shi da sunansa na yanka ba. Kowa Injiniya yake ce masa, har faston cocinmu. Mama kaɗai ke ce masa Baban yara. Sunan nan na Injiniya ya fi son sa a kan tuwo, in ka kira shi da shi ko yana tsakiyar faɗa sai ya gyara wuyan riga kafin ya ci gaba.

Da ya yi ritaya muka shiga uku. Mutumin da ya saba da injin da ya fi ɗakinmu girma, shi aka sako mana gida da akwatin sufanu. Ya kwance agogon bango, ya kwance fanka, ya kwance keken ɗinkin da ƙanwar Mama ta kawo ajiya. Duk sun koma aiki, in ban da keken, wanda har yau in an taka shi da baya yake tafiya.

Abu ɗaya Mama ta hana shi taɓawa, injin niƙanta. Yana cikin wata rumfar kwano a ƙofar gidanmu, bakin titi, shagon tela na kallonta daga tsallake, mai faci kuma na gefe. Tsohon inji ne kore, da hannu ake tayar da shi, in ya kama sai ya yi tari ya feso baƙin hayaƙi, unguwa duka ta san Mama ta fito. Baba ya kan tsaya daga nesa yana kallon hayaƙin nan yana girgiza kai kamar mai kallon ɗan maƙwabci yana lalacewa. Mama ta ce masa in hannunsa na ƙaiƙayi ya je ya yi noman citta kamar sauran mutane.

Sai shekarar da gas ya yi tashin nan da kowa ya sani. Mama ta dawo daga gidan mai da jarka a kai tana mita, ta yi kuskuren cewa a gabansa injin nan zai cinye ta. Kafin ta ajiye jarkar Baba ya fito da akwatinsa.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma Baba yana da majalisa, ta tsofaffin ma'aikatan reluwe, a gindin wani mangwaro kusa da tasha. A cikinsu akwai wani tsohon direban jirgi, dogo, mai bakin tsiya, wanda tun suna samari yake cewa fita ba kowa ba ne illa mai goge wa direba mai. Da Baba ya ba su labarin zai koya wa injin matarsa ladabi, direban ya yi dariya har ya ƙware. Baba ya miƙe tsaye a gaban kowa ya ce kafin Kirsimeti injin nan zai koma shan rabin abin da yake sha, su zo da kansu su auna. In bai yi ba, kada wanda ya sake ce masa Injiniya. Direban ya ce kowa ya shaida, kowa kuwa ya shaida.

Ni a lokacin na yi aure, ina koyarwa a wata firamare a tsallaken layin dogo, kuma kullum in an tashi sai na biyo ta rumfar Mama. Don haka komai a idona aka yi. Kuma zan faɗi gaskiya, tsohon ya san aikinsa. Ya ciro nozul, ɗan bakin da ke fesa gas cikin inji, ya nuna mini yadda yake ɗiga maimakon ya yi feshi. Ya ce injin ba mashayi ba ne, ɗura masa ake yi. Ya wanke, ya goge, ya daidaita lokacin da man ke shiga. Ya tarar matatar iska ta toshe da garin masara har ta yi tauri, ya ce yaya za a toshe wa mutum hanci a ce ya yi gudu. Ya canza fuli, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa, ya ɗaure bel ɗin, ya kai faifan niƙa aka wasa. Wani siririn bututu da ya daɗe yana zubar da gas a ƙasa, ya lanƙwasa shi ya mayar da shi cikin tanki. Daga ƙarshe ya ɗaura salansa, don a cewarsa inji mai tarbiyya ba ya ihu. Ya fere sanda ya yi mata zane-zane, da ita yake auna tanki safe da yamma.

Ranar da ya tayar da shi, hayaƙin ya fito fari-fari da ƙyar ake ganinsa. Ya zauna ya sa ido aka niƙa buhu guda, ya tsoma sanda, ya ciro, ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba ko ranar aurena. Washegari ya goge takalmi ya tafi majalisa. Da yamma ya dawo ya tsoma sanda, ya tarar gas ya sauka kusan yadda ya saba sauka.

To, ni na san inda gas ɗin ke tafiya, Mama ta sani, duk macen da ke unguwar ta sani. A rumfar Mama akwai niƙa iri biyu. Akwai mai zuwa da roba cike da masara ko dawa, a niƙa mata ta tafi. Akwai kuma mai zuwa da gwangwani ɗaya tak, abin da ko kaza ba zai isa ba. Wannan ba niƙa ta kawo ba, magana ce ta cika mata ciki. Mama za ta karɓi gwangwanin ta ajiye, ta zame bel, ta bar injin yana gudu babu komai, ta ja ta zuwa wani benci da ke bayansa. Nan za su haɗa kai, baki a kunne, mai kuka ta yi kukanta, mai zagin miji ta zage shi tas. Tela na can da kunnuwansa kamar na zomo, mai faci da abokan hirarsa na nan gefe, amma saboda ƙarar inji ba wanda ke jin ko kalma. Gidajenmu a manne suke, a coci kuma in kin ce a yi miki addu'a kafin Lahadi ta zagayo gari ya sani. Rumfar nan ce kaɗai wurin da mace za ta buɗe baki a unguwarmu. Ba matan zumunta na coci kaɗai ba, har wata Bafulatana mai kawo nono, wadda ke sayen dusa a wurin Mama, ta sha zama a bencin.

Saboda haka salansar Baba ta zame mana annoba. Mama ta jure ta kwana biyu, sannan ta kwance ta da sufanar mai ita, ta naɗe a zani ta miƙo mini. Na hau keke da ita a cinya kamar jaririya, na kai ta ƙarƙashin gadona. Har yau ban yi nadama ba. Baba ya ɗora wa 'yan gwangwan masu tsintar tsohon ƙarfe laifi, ya tsine musu iya tsinuwar da dattijon ikilisiya zai iya yi a bainar jama'a. Ya ƙera wata da tsohuwar tukunyar kashe gobara. Ita kuma a cikin buhun dusa ta tafi ruga a kan Bafulatana.

Gas kuwa bai fasa sauka ba. Baba ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashin inji ko zai ga ɗigo, bai gani ba. Ya ce masu gidan mai na haɗawa da kananzir, ya canza gidan mai. Ya sa wa murfin tanki kwaɗo ya rataye makullin a wuya. Ya fara kallon mai faci da wutsiyar ido, ya daina amsa gaisuwarsa da kyau. Wata rana na same shi ya sake kwance nozul ɗin da ba abin da ya same shi, yana hura shi yana magana da shi a hankali.

"Mama," na ce mata da muka keɓe, "ba za ki gaya masa ba? Tsohon nan ya fara ramewa fa."

"In gaya masa me?" ta ce. "Maganan mutane ne, ba nawa ba. Bar shi, aiki ya samu. Da yana nan yana kwance mini rediyo."

Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba. Kirsimeti na matsowa, kuma na lura ya daina goge takalmi in zai tafi majalisa.

A cikin waɗannan kwanaki ne nawa ya same ni. Cikin da nake ɗauke da shi ya zube, kuma ba shi ne na farko ba. Mijina yana wajen aiki a wani gari, ban san da bakin da zan gaya masa ba, dangin nasa kuma sun riga sun fara kallon cikina kafin su kalli fuskata. Na tashi daga makaranta, na tsaya wajen mai awo na sayi masara gwangwani ɗaya. Mama ta kalli gwangwanin, ta kalle ni, ta zame bel.

Ashe ranar Baba bai je majalisa ba. Ya yi sallama ya fita, ya zagaya ta bayan layi ya shige shagon tela, ya laɓe a bayan yadudduka don ya kama ɓarawon gas da hannunsa. Daga can ya ga injin yana gudu, bel a kwance, ko ƙwayar gari ba ta fita. Ya tsallako titi da saurin da ya manta yana da ciwon baya. Ban ga shigowarsa ba. Na dai ji ya ce, "Yau na kama ku!" kuma ya danne abin kashewa.

Injin ya mutu, ni kuwa muryata tana sama, don da ƙara nake gasa. "Ya sake zubewa, Mama, kuma ban gaya masa ba!" Haka maganar ta fita titi tsirara. Na ji keken tela ya tsaya a tsallake.

Baba ya tsaya da hannu a kan inji. Ya dubi fuskata, ya dubi gwangwanin masarar, ya dubi bencin da ya yi santsi don zama. Kunya ta kama ni kamar in nutse, haushinsa kuma ya cika ni.  Ya sunkuya ya ɗauki hannun tayar da inji, ya zura, ya juya da bayan nan nasa mai ciwo, ya juya har injin ya yi tari ya kama. Sannan ya fita ya tsaya a bakin rumfa ya ba mu baya, yana kallon tela da mai faci har kowannensu ya tuna yana da aiki. Na yi kuka ranar fiye da yadda na zo da niyya.

Bai taɓa yi mini maganar ba, sai dai da zan tafi ya raka ni har bakin layin dogo, abin da bai saba ba. Bayan kwana biyu ya samu Mama tana shara a rumfa ya ce, "Maman yara, ƙara nawa ne kuke so?"

Daga nan aikin ya juya. Ya ce in dai ihu ake bukata, ba dole sai an ƙona gas da yawa ba. Ya sassauta gudun injin in babu kaya, har ya koma bugawa ɗaya-ɗaya kamar mai daka da ta gaji. Ya zura bututun hayaƙi cikin tsohon durom don ƙarar ta kumbura. Ya rataya wani falle na kwano a jikin ƙarfen inji, ya huda marafan kwalba ya jera a waya, ya ɗaura igiya yadda Mama za ta ja in ana so, ta saki in ba a so. In ta ja, sai ka rantse ana rushe kasuwa.

Gwajinsa ma abin kallo ne. Ya zaunar da ni da Mama a benci, ya ce mu yi magana da ƙarfi shi zai tsaya a shagon tela ya saurara. Mama ta ga banza ta faɗi. Ta ɗauko laifuffukansa na shekara da shekaru, tun daga akuyar da ya kai gidansu gurguwa, har minsharinsa, har keken ɗinkin ƙanwarta, tana faɗa tana kallonsa tana murmushi. Shi kuma yana can tsallake yana ɗaga mana babban yatsa, wai bai ji komai ba. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma ita ce dariyata ta farko tun abin da ya same ni.

Gas ya ragu sosai, amma rabi da ƙyar yake taɓawa, sai ranar da gwangwani bai zo ba. Don haka Mama ta aika ta bakin matan zumunta cewa ranar da tsofaffin reluwe za su zo awo, kowa ta riƙe cikinta zuwa washegari. Ta ce mini, "Ya yi mana, bari mu ma mu yi masa."

Suka zo da safe, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, suka jera a kujerun da muka aro. Direban ya ce shi zai riƙe sandar, don bai yarda da fita ba. Aka cika tanki a gabansa, ya yi zane da farcensa. Niƙa kuwa ya yi yawa ranar, masara, dawa, waken ƙosai, gero. Injin yana ta aiki lafiya lau, igiya a sake, hayaƙi fari. Direban ya yi ta tambaya kwanon nan da marafan kwalba na mene ne, Baba ya ce ado ne. Can da la'asar aka leƙa tanki, sanda ta nuna Baba yana gaba da ɗan kaɗan. Bakin direban ya fara mutuwa, Baba kuma ya fara gyara wuyan riga.

Sai ga wata tsohuwa ta shigo, ƙarama, da ɗankwalin zumunta, riƙe da gwangwani ɗaya. Matar direban ce. Ta kwana biyu a Zangon Kataf wajen 'yarta, saƙon Mama bai same ta ba, kuma ba ta taɓa zuwa da gwangwani ba sai ranar. Ta ga mijinta zaune da sanda a hannu, ta yi turus.

"Me ka zo yi a nan?" ya ce mata. "Wannan ɗan masara ne za ka niƙa? Abi kaji za ka ba?"

"Na kunu ne," ta ce, ta juya za ta koma. Idonta ya kumbura, ko makaho ya san ba kunu ya fito da ita ba.

Mama ta kalli Baba. Ni ma shi nake kallo, kuma a raina ina roƙon ya yi kamar bai gani ba, don na san abin da sunan nan yake a wurinsa. Ya ɗan jima a zaune. Sannan ya miƙe ya ce, "Jama'a, saura gwaji ɗaya. Injin zai yi gudu babu kaya. Kowa ya koma tsallake, wani abu zai iya fizgewa." Ya zame bel da hannunsa, ya ja igiya, rumfa ta ɗauki kururuwa. Ya tattara tsofaffin nan ya kora su shagon tela, direban yana ta faɗa yana cewa wannan wane irin gwaji ne.

Ga shi matar kunnenta ɗaya ya mutu, sai Mama ta ɗaga murya take ji, ita ma kuma da ƙarfi take magana kamar duk mai irin lalurar. Baba yana tsallake ya ji wata kalma ta tsallako titi. Ya dawo da sauri, ya buɗe wa injin mai har ƙarshe, ya koma. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe kamar dā. Matar nan kuwa abin da ta tara ba na yau ba ne. Rana ta yi ƙasa, tsofaffi suka gaji da tsayuwa suka zauna a kan tayoyin mai faci, injin yana ta ihu yana shan gas, Baba yana tsaye da hannu a baya.

Da ta fito ta share fuska, ta karɓi garin kununta, ta wuce ta gaban mijinta ba ta ko kalle shi ba. Aka kashe inji. Direban ya tsoma sanda, ya ciro, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Gas ɗin da injin ya sha ya wuce zanen rabi da nisa.

"Na faɗa muku!" ya ce. "Mutum ya ɗaura wa inji marafan kwalba kamar mai rawa, wai shi Injiniya. Fita, sannu da aiki!"

Suka yi dariya, wasu da jin nauyi, wasu da gaske. Wani mai kirki a cikinsu ya ce gwajin ƙarshen nan bai kamata a lissafa shi ba, ya tambayi Baba dalilin yin sa. Da ya faɗi kalma ɗaya, da ta wanke shi. Baba ya ce, "Kuskurena ne. Tsufa ne."

Bayan sun watse ya zauna a bencin yana goge hannu da tsumma. Na tambaye shi ko abin ya yi masa zafi. Ya ce, "Ya yi mana." Can ya matsa kusa da Mama, ya rage murya, ya ce tun da dai ya biya da sunansa, ko ɗan kaɗan ne a gaya masa abin da mutumin nan ya yi wa matarsa.

Mama ta ce, "Baban yara, injinka yana ƙara, ban ji komai ba."

Na ɗauka ba zai sake taka majalisa ba. Washegari ina kan hanyar makaranta don rufe zango na hango shi a gabana, da rigarsa mai guga, yana tafiya a hankali ta gefen layin dogo. Tun bai kai gindin mangwaron ba direban ya hango shi, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, ya ce, "Fita!" Baba ya ɗan tsaya. Hannunsa ya tashi zuwa wuyan riga, ya sauke shi bai taɓa ba. Ya ce, "Na'am," ya ƙarasa ya nemi wuri ya zauna.